Minti Arba'in a Tsohon Layin Hollin

Tun da aka yi wa Desmond Heslop aikin zuciya, likita ya ɗora masa hawan keke, awa ɗaya kowace rana, ko ana ruwa ko ana iska. Shi kuwa mutum ne da ba ya jayayya da likita. Da ya gama abincin rana sai ya turo kekensa daga bayan gida, ya bi ta lungu don kada ya ratsa ta gaban kulob ɗin da masu haƙar kwal ke taruwa, ya hau tsohon layin dogo.

Ta nan jirgin kwal yake bi a da, daga garinsu Hollin har bakin teku. Bayan an rufe ramin haƙar kwal aka kwashe ƙarafan, aka zuba tsakuwa aka daddaɓe, aka kakkafa alluna masu hoton tsuntsaye. Ranar Lahadi mutanen birni sukan zo da kekuna masu sheƙi, su tsaya suna ɗaukar hoton tudun da ciyawa ta lulluɓe, ba su san tarkacen da aka tono daga cikin rami ba ne. Sauran kwanakin mako kuwa layin na tsofaffin garin ne, masu tari da masu dogara sanda da masu jan kare. Kusan dukkansu Desmond ya san su tun suna makaranta. Ya san wanda inji ya cinye wa yatsu biyu, ya san wanda shi da kansa ya taɓa jawowa daga ƙarƙashin dutse. In sun hango shi sukan matsa gefe, su tsura wa shinge ido har ya wuce. Shekara talatin da tara ke nan haka ake yi.

A babban yajin aikin nan na masu haƙar kwal na shekarar tamanin da huɗu, wata goma sha ɗaya ya yi tare da kowa. Ya tsaya a ƙofar rami cikin sanyi, ya sha kulki a kafaɗa, ya tsinci kwal a buhu a gefen wannan layin, ya ƙona katakon shingen gidansa don su ji ɗumi. Ana saura mako biyar a janye yajin, ko da yake a lokacin ba wanda ya san haka, sai ya tashi wata safiya ya shiga bas ɗin nan mai ragar ƙarfe a tagogi, wanda ke kai masu komawa aiki. Matarsa Marian ba ta ce ya je ba. 'Yarsu ƙalau take, ba ciwo. Mutane sun so a ce yana da wani babban dalili, ko don su samu abin ƙaryatawa, amma ba shi da shi. Gajiya ce kawai ta ci ƙarfinsa.

Da bas ɗin ya iso ƙofar rami, fuskar da ya fara gani ta cikin ragar ita ce ta Clifford Raine, yayan Marian. Shekara goma sha biyu suna aiki kafaɗa da kafaɗa a ƙarƙashin ƙasa. Clifford ne ya koya masa sauraren rufin rami kafin ya rufto, shi ya raɗa masa suna Kunnuwa saboda manyan kunnuwansa, shi ne kuma ya kai shi gidansu cin abincin Lahadi har ya ga Marian. Ran nan Clifford bai yi ihu kamar sauran ba. Matsowa ya yi a hankali, ya tofa yawu a tagar daidai fuskar Desmond.

Marian ce ta fi shan wahalar abin. Matan da ta tashi da su suka daina amsa mata gaisuwa a kanti, aka rubuta MACI AMANA da fenti a ƙofarta har sau huɗu. Da Desmond ya ce su bar garin sai ta ce a nan aka haife ta, ba wanda ya isa ya kore ta. Shekara shida da suka wuce ciwon daji ya kwantar da ita. Sau biyu tana rubuta wa yayanta takarda daga gadon asibiti. Bai zo ba. Mutum bakwai ne suka raka ta makabarta, gidan Clifford kuwa layi huɗu ne tsakaninsa da nasu.

To, wata Talata a cikin Nuwamba aka wayi gari da yayyafi mai sanyi, irin wanda ke ratsa riga har ƙashi. Desmond ya fito kamar kullum da ƙarfe ɗaya da rabi. Mil biyu daga gari akwai inda aka datsa tudu aka yi wa jirgi hanya, dutse a dama dutse a hagu, itatuwa sun haɗe ta sama. 'Yan garin suna kiran wurin Maƙogwaro. Rana ba ta shiga, waya ba ta kamawa, ruɓaɓɓen ganye ya rufe ƙasa, ga lambatu a gefe da jan ruwan nan mai tsatsa da ke tsiyayowa daga tsohon rami. Gaba da wurin kaɗan akwai lambuna, a can Clifford yake da ɗakin tattabarunsa, kuma kullum da ƙafa yake zuwa duk da shekarunsa saba'in da biyar da huhun da ƙurar kwal ta cinye.

Desmond yana shiga Maƙogwaro ya ji murya.

"Jama'a! Akwai wani? Jama'a!"

Ya rage gudu. Ya ga sanda a tsakiyar hanya, ya ga hula a kan ganye. Ya sa ƙafa ɗaya a ƙasa ya leƙa lambatun. Clifford ne kwance ta gefe ɗaya, rabin jikinsa cikin ruwa, ƙafarsa ta hagu a murɗe yadda ƙafa ba ta murɗewa.

Suka haɗa ido. Clifford ya bar kiran, ya rufe bakinsa ruf.

Desmond ya tsaya yana jira. Kalma ɗaya yake so. Ko sunansa, ko zagi ma, ya yarda. Yayyafi na sauka a kan ganye, numfashin tsohon na fita kamar ana jan zarto. Sai Clifford ya juya fuskarsa wajen dutse, kamar yadda yake yi kullum in sun haɗu.

Desmond ya ɗauke ƙafarsa daga ƙasa ya taka keke.

Yana tafe yana ce wa kansa wani zai zo. Matar nan mai karnuka biyu takan wuce wajen ƙarfe biyu. Akwai masu gudun motsa jiki. Ba shi kaɗai ne mutum a duniya ba, kuma tsohon ya nuna ba ya so. Ya wuce lambunan, ya ji kukan tattabaru, bai waiwaya ba. Ya kai gadar Cawdon inda ya saba juyawa, ya jingine keken, har ya buɗe fulas ɗinsa ya zuba shayi kamar kowace rana. Sai ya ga shayin yana zuba a kan takalminsa. Daga kan gadar ana hango layin miƙe zar har nesa, gaba da baya. Babu kowa. Wa zai fito a wannan ruwan?

Ya watsar da shayin ya juya. Ya taka keken da ƙarfin da likita ya hana, ƙirjinsa na zafi a wurin ɗinkin. Da ya isa Maƙogwaro ya duba agogo ba da niyya ba. Minti arba'in.

Sandar na nan inda take. Ya yar da keken ya gangara cikin lambatun, gwiwoyinsa na ƙara, ruwan ya cika masa takalmi.

"Cliff."

Clifford ya buɗe ido da ƙyar. Leɓɓansa sun yi shuɗi, haƙoransa na haɗuwa. "Mantuwa ka yi?"

"Rufe min baki."

"Wuce abinka. Ai ka saba wuce mutane ka bar su a sanyi."

"Ina ke ciwo?"

"Ina ruwanka?"

"Na ce ina ke ciwo, tsohon jaki!"

Clifford ya yi tari mai tsawo, ya tofar da abu baƙi. "Ƙugu. Na ji ƙarar karyewarsa."

"Zan ja ka daga ruwan nan. Za ka ji a jikinka."

"Kada ka kuskura ka taɓa ni."

Desmond ya zura hannuwa ta ƙarƙashin hammatarsa ya ja. Ihun da Clifford ya yi sai da ya amsa a jikin dutsen. Mutumin da a da yake ɗaga turken katako shi kaɗai, yanzu ba shi da nauyin buhun hatsi, amma duk da haka sai da Desmond ya huta sau uku kafin ya fitar da shi zuwa kan tsakuwa. Ya tuɓe rigar ruwansa ya lulluɓa masa. Clifford ya ture ta.

"Ɗauke min tsumman nan. Warin maci amana yake."

"Warin sabulu dai. Ni ina wanka." Ya mayar da rigar, ya cusa gefenta a ƙarƙashinsa. "Ka sake turewa ka ga in ban zauna a kan ƙafar ba."

Dole ya sake barinsa don ya samu inda waya ke kamawa. Ya hau keke zuwa bakin Maƙogwaro, ya kira. Matar da ta ɗauka ta yi ta tambayoyi, shekarunsa, yana numfashi, yana magana, ta ce kada a ƙara motsa shi, a san yadda za a yi ya ji ɗumi. Ta ce mota ba za ta iya shiga layin ba, sai dai ta tsaya a gadar Cawdon su ƙaraso da ƙafa. Ta tambayi tun yaushe yake kwance. Desmond ya ce bai sani ba.

Da ya dawo Clifford ya daina rawar sanyi, abin da ya fi tsorata Desmond ke nan. Tun a rami suka koyi cewa in rawar ta tsaya, sanyi ya gama cin jiki. Ya zauna a kan jiƙaƙƙiyar tsakuwa ta bayansa, ya ɗago kansa da kafaɗunsa a hankali ya jingina su a ƙirjinsa, ya rungume shi ta cikin rigar. Akwai ɗan sauran shayi a fulas, ya jiƙa masa leɓe da shi.

"In wani ya gan mu haka na shiga uku," in ji Clifford, muryar can ƙasa.

"Kwantar da hankalinka. Ba mai zuwa, na duba."

"Ka duba kam. Ka ɗauki lokacinka kana dubawa."

Ruwa na ɗiga daga itatuwa a wuyan Desmond. Ya san bai kamata ya bar shi ya yi barci ba, ya rasa abin da zai ce wa mutumin da rabonsa da yi masa magana tun yana da baƙin gashi. Abin da ya fito daga bakinsa ba shi ya shirya ba.

"Sau biyu Marian ta rubuto maka. Ni na kai takardun gidan waya."

Har Desmond ya ɗauka bai ji ba.

"Na karanta."

"Ka karanta. Sannu da ƙoƙari."

"Na zo."

"Ƙarya kake."

"Ranar Alhamis, ana gobe za ta tafi. Na shiga bas biyu. Na kai har ƙofar ɗakin." Ya tsaya ya nemo numfashi. "Ɗaki na ƙarshe, mai labule kore. Na leƙa ta gilashi na gan ka zaune a gefen gado kana yanka mata lemo. Sai na juya."

Desmond ya ji hannuwansa sun ƙara matse shi, bai san ko don ɗumi ba ne ko don wani abu dabam. Ya tuna lemon. Ba ta ma iya sha ba. Ya tuna yadda duk aka taɓa ƙofa sai ta ɗaga ido.

"Da ka ƙwanƙwasa da na fita na ba ka wuri. Da na bi ta taga ma in ka ce."

"Na sani."

"Ƙanwarka ce, Cliff. Ita me ta yi maka? Ita ta shiga bas ɗin?"

"Ta zauna da wanda ya shiga."

"Allah ya isar mata."

"Amin," in ji Clifford, ba da gatse ba.

Hasken da ke Maƙogwaro, wanda dama ba yawa gare shi ba, ya fara ja baya. Desmond ya girgiza Clifford kaɗan, tsohon ya buɗe ido.

"Me ya sa?" in ji Clifford. "Tun da dai ka zaunar da ni dole. Me ya sa ka shiga?"

"Na gaji ne."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Duk mun gaji. Ni takalmin 'yata na yi wa tafi da kwali. Duk mun gaji, ba mu shiga ba."

"Kuma duk da haka aka rufe ramin."

"An rufe. Amma ni ina shiga kulob in zauna inda nake so."

"Kana zama kam. Kai da sauran masu tari, kuna lissafin wanda ya mutu a mako."

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Clifford, ko dariya ce ko tari. Daga nan maganarsa ta fara kaucewa. Ya ce ba a ba tattabaru hatsi ba. Ya ce a rage hasken fitila. Can sai ya damƙi hannun Desmond da ƙarfin da bai yi tsammanin ya rage masa ba.

"Kunnuwa. Ji rufin nan. Yana magana."

"Ruwa ne, Cliff. Ruwa ne a kan ganye."

"Ka fitar da mutane. Kai ma ka fita, kada ka tsaya jirana. Marian za ta kashe ni in wani abu ya same ka."

"Ina nan. Ba inda za ni."

Haka ya yi ta amsa masa, yana kiran sunayen mutanen da suka daɗe a kabari yana cewa duk sun fita lafiya, har aka hango fitilu suna tahowa daga wajen Cawdon. Ma'aikatan motar asibiti biyu ne, mace da namiji, suna turo gadon ɗaukar majinyaci a kan tsakuwa. Suka nannaɗe Clifford da bargo, suka sa masa abin shaƙar iska, suka yi masa allura. Namijin ya taimaki Desmond ya miƙe, don ƙafafunsa sun mutu.

"Ɗan'uwanka ne, baba?"

"Na dai san shi."

"Ka san ko ya kai awa nawa a cikin ruwan?"

Desmond ya dubi gadon. Idon Clifford a buɗe yake, kuma a wannan karon hankalinsa na ciki sarai. Yana kallonsa ta saman abin da ke fuskarsa.

"Ban sani ba," in ji Desmond. "Haka na tarar da shi."

Clifford ya lumshe ido. Suka tura shi suka tafi.

An yi masa aikin ƙugun washegari, aka ce an yi nasara. Kwana uku bayan haka ciwon huhu ya kama shi, huhun da dama ba abin da ya rage a cikinsa. Ran kwana na tara ya rasu. Desmond bai ji daga bakin kowa ba. Takarda ya gani manne a tagar kanti, da hoton Clifford riƙe da tattabara.

Ranar Laraba da la'asar aka ƙwanƙwasa masa ƙofa, ta gaba, wadda ba mai bi sai mai kawo wasiƙa. Glenda ce, 'yar Clifford. Rabonta da shiga gidan tun tana 'yar shekara tara, lokacin da Marian ke yi mata kitso ranar Asabar. Yanzu ita ma ta fara furfura, tana aikin kula da tsofaffi a garin Cawdon. Ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a gaba, rana tsaka, duk layin na iya ganinta.

"Kawu Des. In shigo?"

Ya matsa mata. Ta zauna a bakin kujera tana kallon hoton Marian da ke kan talabijin. Ya ɗora ruwan shayi don ya samu abin yi da hannuwansa.

"Baba ya ce wani baƙo ne ya cece shi," in ji ta. "Ɗan birni mai keke. Na tambaye shi ya fi sau biyar, don in nemo mutumin in yi masa godiya, ya ce bai san shi ba. Sai na haɗu da mai motar asibitin. Ya ce wani dattijo ne da koren keke, mai manyan kunnuwa." Ta yi ɗan murmushi, idonta ya kawo ruwa. "Na ce shi ke nan, ba sai ka ƙara ba."

Desmond ya ajiye mata kofin a gabanta.

"Ya ce ya tarar da kai ka rungume shi, kai ba riga. Likita ya ce sanyin da ya sha a cikin ruwan ne ya taɓa huhun. Ya ce da ya ƙara rabin awa a ciki da a wurin zai mutu. Kai ka ba mu kwana tara, Kawu. Jikokinsa duk sun zo sun gan shi. Ni na samu na faɗa masa abubuwan da na daɗe ina riƙewa." Ta share hanci. "Jibi Juma'a ne jana'izar. Ina so ka zo, ka zauna a gaba tare da mu. Na riga na gaya wa mutanen kulob abin da ka yi. Duk wanda ya buɗe baki ni zan amsa masa. Abin nan ya isa haka. Ya cinye Goggo Marian, ya cinye rabin rayuwar Baba. Ya isa."

Yana tsaye a jikin teburi. Ba abin da ake nema daga gare shi sai ya ce to. Mutum ɗaya ne ya san sauran maganar, kuma ya tafi da ita.

"Ba a nan na fara ganinsa ba," ya ji bakinsa yana cewa.

"Na'am?"

"Na gan shi tun da farko. Ina tafiya Cawdon. Yana kira, na tsaya, na ga shi ne. Sai na wuce. Sai da na kai gada na dawo. Minti arba'in. Na duba agogo."

Glenda ta zauna kamar ba ta ji ba. Can ta ajiye kofin a hankali, ta janye hannunta daga jikinsa.

"Yana cikin ruwan?"

"Yana ciki."

"Ya gan ka?"

"Mun haɗa ido."

"Bai faɗa ba," in ji ta, kamar da kanta take magana. "Kwana tara ina gefen gadonsa. Bai faɗa ba."

"Na jira ya ce wani abu. Da ya ce ko da..."

"Kada ka soma." Ta miƙe, jakar ta faɗi, ta sunkuya ta ɗauka. "Wa ya tambaye ka? Faɗa min, wa ya tambaye ka? Na zo nan da ƙafata, na yi faɗa da mijina kafin in fito. Abu ɗaya mai kyau na samu a cikin wannan masifar, guda ɗaya tak, ka karɓe. Don kai ka samu ka yi barci, ko? Ka sauke kayanka a kaina."

"Glenda, hakkinki ne ki sani."

"Hakkina! Shi ya ga dama ya rufa maka asiri. Ko wannan ma ba ka iya bar masa ba."

Ta nufi ƙofa. Da ta kama hannun ƙofar sai ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Da minti arba'in ɗin nan bai sha ba, da ya rayu?"

"Ban sani ba."

"Ni ma ba zan taɓa sani ba. Na gode, Kawu."

Bai je jana'izar ba. Daga ɗakin girki ya ji masu busa ƙaho na garin sun wuce ta bakin layi suna busa a hankali, da takun mutane masu yawa a bayansu. Ya zauna yana jiran dutse ta taga, ko fenti a ƙofa. Ya san yadda labari ke tafiya a Hollin. Amma Glenda ba ta faɗa wa kowa ba, ba ran nan ba, ba kuma daga baya ba. Ta sayar da tattabarun kafin Kirsimeti. In ta hango shi a titi takan tsallaka ɗaya gefen, mutane su ɗauka baƙin cikin mutuwar ne bai sake ta ba.

Da yammacin ranar jana'izar, wajen ƙarfe huɗu, aka sake ƙwanƙwasa ƙofar. Norman Pybus ne, tsohon sakataren ƙungiyar ƙwadago na ramin, sanye da baƙar kwat da ta yi masa yawa, yana haki saboda ɗan hawan da ya yi. Shi ne mutumin da ya karanta sunan Desmond a gaban taro ran da aka kore shi daga ƙungiya. Yana riƙe da faranti an rufe shi da takarda.

"Ragowar abincin zaman makoki ne," in ji shi, yana kallon dakalin ƙofa. "Burodi da nama. Matan sun yi da yawa." Ya gyara murya. "Mun ji abin da ka yi wa Cliff. An ajiye maka kujera a coci, ba ka zo ba. To, mun gane. Ba dai an manta da na baya ba ne, kada ka ɗauka haka. Amma ba kowa zai tuɓe rigarsa a wannan sanyin ba, balle ga mutumin da ya... ka dai gane."

Desmond ya buɗe baki. Ya dubi tsohon, da nektai ɗin wuyansa a karkace, da hannunsa a ƙarƙashin farantin. Ya riga ya faɗa sau ɗaya, ya ga abin da faɗin ya yi.

"Na gode, Norman."

"Farantin na kulob ne. Ka dawo da shi in ka samu hali. Ta ƙofar gaba."

Ya juya ya gangara a hankali yana dafa shinge. Desmond ya rufe ƙofa ya kai farantin ɗakin girki. Ya yi niyyar juye shi a kwandon shara. Amma tun ranar Laraba ba abin da ya shiga cikinsa, ga magungunan zuciya ba a shan su da yunwa. A tsaye ya cinye shi tas, sannan ya wanke farantin ya kife.